Igiyar da Alhaji Laminu Ya Kawo Daga Paris

Duk shekara idan zafi ya gabato, sai ku fara leƙowa wurin aikinmu da ke bakin kogi a nan Lyon, kuna neman aikin hutu. Yawancinku ƴaƴanmu ne na gida, wani daga Maraɗi, wani daga Tawa, kowa da jakar littattafai a baya. Ku tarar da ni zaune a kujera ƴar tsuguno ina zura igiya a bayan jirgi, sai ku kalli juna ku yi murmushi. Na san abin da ke ranku. Cewa kuke wannan aiki ai ko tsohuwa mai ɗaure akuya ta iya shi. Ba na jin haushi, don ni ma haka na ɗauka da farko. Ku dai samu wuri ku zauna, in ba ku labarin wani jirgi da na shirya, wanda ya kusa raba ni da mutumin da ya fara ba ni aiki a ƙasar nan.

Abin da muke aiki a kansa shi ne kayak na teku. Ɗan siririn kwale-kwale ne na mutum guda, samansa a rufe, da rami a tsakiya inda matuƙi ke zura ƙafafunsa ya zauna. Gaba da baya akwai wurin zuba kaya mai murfi, ni rumbu nake ce musu. Ba mu ke ƙera jirgin ba. Tsirara yake zuwa mana, mu ne muke sa masa igiyoyi da robobi da mariƙai, mu gyara wanda ya tsufa, sannan mu nuna wa mai shi yadda zai jera kayansa a ciki don kada su halaka shi.

Ni mutumin Madawa ne, sunana Idi. Mahaifina tufkar igiya yake yi da kaba, ni kuma na tashi a tasha ina lodin manyan motoci masu zuwa arewa. Da na zo Paris, Alhaji Laminu, wani Badamagare mai sito a Aubervilliers da ke gefen birnin, shi ya ɗauke ni ina ɗaure masa dilolin kaya. Shi ya nemo mini wurin kwana, shi ya nuna mini yadda ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba tare da mutum ya ɓace ba. Wata rana na rako wani kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Lyon, muka sauke kaya a kusa da wannan rumfar. Wani tsoho Bafaranshe, mutumin bakin teku, ya tsaya yana kallon yadda na kwance ƙullin da na yi da fizga ɗaya. Ya ce in sake ɗaurawa. Na sake. Ya ce ko ina son aiki mai ƙarancin ciwon baya? Shi ne maigidana na biyu, Mai Lofe muke ce masa don lofensa ba ya barin bakinsa ko da babu taba a ciki.

Aikin farko da ya ba ni, ya zube mini kayan kwana da na girki da jarkokin ruwa a ƙasa, ya nuna mini jirgi, ya ce in yi lodi. Na ce a raina yau tsohon nan zai ga aikin ƴan tasha. Na tara komai a sama, na yi masa tozo, na ja igiya ta nan ta can har tana ƙara idan an taɓa ta. Ya kama gefe ɗaya, na kama ɗaya. Muka kai jirgin bakin ruwa, ya ce in shiga. Ban gama zama ba na ji ni a ƙasa, jirgi a sama, ruwan kogi ya cika mini hanci. Ya jira na tashi, sannan ya ce lodina ya yi kyau ƙwarai, matsalar kawai ita ce jirgin ba shi da taya. Daga ranar na fara koyon aiki daga farko, kuma na daɗe kafin hannuna ya daina ɗaurin mota.

To, shekaru sun ja, Mai Lofe ya koma garinsu ya huta, ni na zama babba a rumfar. Sai ga Fasuma ta shigo wata safiya. Ƴar Alhaji Laminu ce, na san ta tun tana rarrafe tsakanin diloli a sito. Ta yi karatun haɗa magani, tana aiki a nan Lyon, kuma ashe ta daɗe tana koyon tuƙa kayak da wata ƙungiya. Yanzu ta sayi nata, tsohon hannu, tana son in sabunta masa igiyoyi, don ƙungiyarsu za ta yi tafiyar kwanaki a gaɓar teku can kudu, suna kwana a bakin ruwa.

Na ce, “Alhaji ya sani?”

Tonton take ce mini, wato kawu. Ta ce, “Tonton, shi ne matsalar. Ya ce ba ni zuwa sai ya ga jirgin da idonshi, kuma sai in kai ka shirya shi. Jibi yana zuwa.”

Na ce, “In ya gani ya ce a’a fa?”

Ta ce, “Sai in zauna. Ba ni shiga teku Baba bai sa mini albarka ba. Amma wallahi Tonton ina son zuwa, ban taɓa son wani abu haka ba.”

Ku lura, mace ce babba mai aikinta da gidanta, babu dokar da za ta hana ta. Ita ce ta ɗora wa kanta wannan sharaɗi. Na ga kuma tafiyar tata ta rataya a kan abin da ubanta zai gani a rumfata.

Alhaji ya iso da jirgin ƙasa na safe, da babbar riga, da wata ƙatuwar jaka mai layi-layi da matarsa Hajiya ta cika da guzuri. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na tambayi mutanen sito da na masallacin unguwa, ya ba ni labarin waɗanda suka koma gida da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sannan ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa shi da zobe, ya ɗaga hancinsa da hannu ɗaya.

Ya ce, “Idi, wannan abu shi ka shiga teku? Ai ko akushi ya hi shi nauyi.”

Na ce ya zauna ya ga aiki tukuna. Na ba shi kujerata, ni na durƙusa.

Na fara da igiyar gefe. Igiyar jirgi iri biyu ce, kuma wanda bai bambance su ba bai fara aikin nan ba. Akwai mai tauri wadda ba ta miƙewa, ita ke zagaye jirgi daga hanci zuwa gindi. Ba a rataya mata komai. Amfaninta ɗaya ne, idan mutum ya faɗa ruwa ita zai kama, domin jikin jirgi idan ya jiƙe santsinsa ya fi na sabulu. Na kwance kusoshin da turnabis, abin murɗa kusa, na jefar da waɗanda gishiri ya ci, na sa sababbi na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowace da ɗan danƙo a gindinta don kada ruwa ya bi ramin. Na zura igiya, na yanke, na ƙona bakinta da wuta don kada ta warware. Sannan na jawo bokitin da na zuba wa ƙanƙara, na tsoma hannuna a ciki na bar shi.

Alhaji ya ce, “Wannan kuma mine ne? Alwala?”

Na ce masa haka Mai Lofe ya koya mini, don wanda ya saki jirginsa a teku ya shiga uku. Hannun da zai nemi igiyar nan ba hannun mai zaune a rumfa ba ne, hannu ne da sanyin teku ya kashe, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Idan na ja igiyar ta manne da jirgi, kyau za ta yi a ido, amma wancan hannun ba zai shiga ƙarƙashinta ba. Idan kuma na sake ta da yawa, za ta riƙa kama duk abin da ya gifta. Don haka sai in kashe hannuna da gangan in gwada. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya tsoma nasa. Da ya fitar ya nemi kama igiyar, sai yatsunsa suka zame. Ya ce in ƙara sassautawa kaɗan, kuma gaskiyarsa ce, na sassauta.

Iri na biyu ita ce ta roba mai miƙewa, wadda ake giciyawa a gaban mazauni da bayansa. A ƙarƙashinta ake soke taswira da famfon kwashe ruwa da filafili na biyu, wato abin tuƙi na ko-ta-kwana. Alhaji ya ja robar ya sake, ya tambaye ni me ya sa na yanko ta daga tsohon ƙunshi, ga sabon ƙunshi a kan tebur ban taɓa ba. Dole na ba shi labarin muguwar shekararmu.

A shekarar, wanda ke kawo mana roba ya canza inda yake saye bai gaya wa kowa ba. Robar ta zo da sheƙi, da ƙarfi, babu abin da ido zai ƙi. Muka sa wa jirage ba adadi. Ashe ba ta jure rana da gishiri. Kafin zafi ya fita ta saki kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Wani mai sayenmu filafilinsa ya karye a teku, ya juya zai ɗauki na biyu ya tarar babu, robar ta sake shi tun ba a sani ba. Masunta ne suka tsince shi iska tana tafiya da shi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma labari ya bazu. Muka bi mutane ɗaya-ɗaya muna roƙonsu su dawo da jiragensu, muka ƙare lokacin sanyi muna kwancewa muna sakewa, rumfa kuwa shiru babu sabon mai shigowa. A shekarar nan Mai Lofe ya tsufa a gaban idona. Tun daga nan, duk ƙunshin da ya zo sai na yanki guntu na jiƙa shi da ruwan gishiri na shanya a kan rufi, ya sha rana ya sha ruwa, kafin in yarda in sa wa jirgin kowa.

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma ba ya sayar da atamfar da bai wanke ƙyallenta ya gani ba.

Da azahar ta yi muka yi salla, sai muka buɗe jakar Hajiya. Jama’a, uwa uwa ce. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, gumba, dabino, yaji a gwangwani, bargo mai nauyi, darduma, tukunyar ƙarfe, har da butar shayi da ƙananan kofuna. Fasuma ta dafe kai ta ce, “Baba, c’est pas possible, ba zai yiwu ba, ai ba aure za a kai ni ba.” Ni kuwa daɗi na ji, don ban taɓa jera irin wannan kaya a kayak ba, kuma ina son in ga yadda za su zauna.

Ƙa’idar ba ta da wuyar faɗi. Mai nauyi ya zauna ƙasa, kusa da inda mutum yake zaune. Marar nauyi ya tafi can ƙarshen hanci da gindi. Dama da hagu su yi daidai. Saman jirgi a bar shi fayau, don duk abin da ya yi tudu iska za ta kama. A wurin ƙafafu kuma kada a bar komai yana yawo. Ba a sa babbar jaka, sai ƙanana da yawa waɗanda ruwa ba ya shiga, a matse iskar ciki a naɗe baki. Ruwan sha shi ya fi komai nauyi, shi muka fara kwantarwa a bayan mazauni.

A nan na ga Alhaji a fagensa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cika kwantena ba a koya masa cusa kaya. Ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa, ya naɗe darduma siririya ya tura ta can cikin hanci inda hannu ba ya kaiwa. Kafin in yi magana ya ce a ɗaura mata zare don a jawo ta, abin da ni sai da aka koya mini. Ya raba kilishi ƙulli-ƙulli, na kowace rana daban. Ya ce abin da za a fara nema shi ne zai shiga a ƙarshe. Ya ɗaga jirgin ta tsakiya ya ce hagu ta fi nauyi, muka duba, ashe dabino ne ya koma gefe guda. Bargon ne kawai ya ƙi shiga, ya zauna a kansa ya danna, ya haƙura.

Tukunya da butar shayi kuwa ya sa su a rumbun gaba, dab da inda kamfas, mai allurar nuna arewa, yake a manne. Na ce ya tsaya ya kalli allurar. Na fitar da tukunyar, allura ta koma wurinta. Na mayar, ta karkace. Ya karɓa ya yi da kansa, ya fitar, ya mayar, ya sake fitarwa, yana dariya kamar ba shi ba.

Ya ce, “Ikon Allah! Wato da tukunyar Hajiya sai ta sa yarinya ta yi salla tana kallon Ispaniya.”

Muka mayar da duk wani ƙarfe baya. A lokacin na ɗauka mun gama, na ɗauka mutumin ya gamsu. Fasuma ma fuskarta ta saki.

Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani ƙunshi a farin ƙyalle. Ya warware a hankali. Igiya ce sabuwa, fara, mai kauri. Ya ce a unguwar La Goutte d’Or ta Paris ya saye ta, ya kai wa malaminsu ya yi mata addu’a. Ya ce yana son in ɗaura kai ɗaya a jikin jirgi, ɗayan kuma a ƙugun Fasuma, ɗauri irin nawa na da wanda ba ya kwancewa sai an so.

Ya ce, “In jirgi ya kihe, ba ta rabuwa da shi. Kai da bakinka ka ce wanda ya saki jirginshi ya shiga uku.”

Maganarsa rabinta gaskiya ce, shi ya sa ta yi wuyar turewa. Na ce masa lallai ana son mutum ya riƙe jirginsa, amma da hannunsa, yadda zai saki idan sakin ne mafita. Na ce a jirgin nan komai a ɗaure yake, murfi a ɗaure, famfo a ɗaure, amma mutum ba a ɗaure shi. Idan raƙuman ruwa suka mirgina jirgi, igiya naɗewa take a ƙafa ko a wuya, kuma jirgin da ya cika da ruwa idan ya nufi duwatsu da mai shi zai tafi. Ko igiyar da muke jan wani da ita, tana da maɓallin da ake fizgewa ta faɗi nan take.

Ya ce, “Idi, ni na koya maka ɗaurin dila a ƙasar nan. Kayan da ba a ɗaure ba, ba su isa inda za su.”

Na ce, “Alhaji, Fasuma ba dila ba ce.”

Ban so maganar ta fito haka ba. Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba. Ya ce ko dai a ɗaura igiyar, ko kuma babu tafiya, ya tashi ya fita bakin kogi.

Ba zan ɓoye muku ba, wata dabara ta zo mini. Na ce wa Fasuma a hankali in ɗaura mana a gabansa, idan ta isa teku ta kwance ta jefa a rumbu. Ta girgiza kai. Ta ce idan ta yi haka, albarkar da ya sa mata ta ƙarya ce, gara ta zauna a gida. Na ji kunya, kuma na ji ta ƙara girma a idona. Na bi Alhaji waje na ba shi haƙuri, na roƙe shi abu ɗaya, ya kwana a Lyon, da safe mu je tafkin da ke bayan gari ya ga yadda ake fita daga jirgin da ya kife. Ya ce to.

Washegari muka sami wuri marar zurfi, ruwan iya ƙirjina. Fasuma ta sa rigar da ke hana nutsewa, ta sa ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai wanda ba shi da jela, ta shiga jirgi. Akwai wani abu kamar siket na roba da matuƙi ke sawa a ƙugu, a maƙala bakinsa a bakin ramin zama don kada ruwa ya shiga. A gabansa akwai mariƙi, shi ake ja idan an kife. Na nuna wa Alhaji mariƙin, na shiga ruwa na tsaya kusa. Fasuma ta ja numfashi ta kifar da kanta.

Jirgi ya juya ciki sama. Na ji Alhaji a bayana yana salati da ƙarfi. Hannayenta suka fito suka bubbuga cikin jirgin don mu san lafiya take, sannan ta ja mariƙi, ta sulale, kanta ya ɓullo a gefe. Hannu ɗaya na riƙe da filafili, ɗaya ya riga ya shiga ƙarƙashin igiyar gefen da muka sassauta jiya. Ta yi haka har sau da yawa, ta dama, ta hagu.

Alhaji ya ce ya gani, amma bai ga abin da igiyarsa za ta ɓata ba. Ya ce a gwada da ita, idan ta hana fita ya yarda. Fasuma ta fito daga ruwa ta miƙa hannu za ta karɓa. Sai ya janye igiyar ya ɓoye ta a bayansa.

Ya ce, “Ba ke ba. Ni.”

Muka yi ta ba shi baki. Mutum ne mai shekaru, bai iya ruwa ba, iyakarsa da ruwa wanka da alwala. Fasuma ta ce, “Baba, don Allah, ka rufa mini asiri.” Ya ce shi ya kawo igiyar, shi zai ɗanɗana ta, kuma ba ya yanke hukunci a kan ɗiyarsa da abin da aka ba shi labari. Na san Alhaji Laminu, idan ya kai nan an gama. Kuma in faɗi gaskiya, ban ga wata hanyar da za ta raba gardamar ba.

Na matsar da jirgin inda ruwa bai kai ƙirji ba. Na sa masa rigar ruwa na ja maɗaurinta, na ce siket kam ba zai sa ba, don ya faɗo da kansa. Ya miƙa wa Fasuma hula da agogo da waya. Shi ya zaɓi tsawon igiyar, shi ya ɗaura a ƙugunsa, ni na ɗaura ɗaya kan a bayan mazauni. Na sa Fasuma ta riƙe hancin jirgi, na zare wuƙata na riƙe a hannu. Tsoro nake ji sosai, irin wanda ban ji ba ko a muguwar shekarar nan.

Ya shiga jirgin ya zauna, ya ce bismillah, ya karkata.

Ya faɗo daga ramin kamar yadda na zata. Amma wanda bai saba ba ba ya fitowa ta inda ya shiga. Ya yi ta harbin ruwa, ya juya, ya bi ta ƙarƙashin jirgin zai ɓullo ta ɗaya gefen. Igiyar ta naɗe cinyarsa, ta zagaye jirgin, ta ƙare. Rigar ruwa na tura shi sama, igiya na riƙe da shi ƙasa, na ji kansa ya bugi jikin jirgi. Ƙafafunsa ba su fi taku ɗaya da ƙasa ba, amma ya kasa miƙewa. Na nutsa hannu na laluba, na sami igiyar ta yi tauri kamar sanda, na yanke. Muka cicciɓo shi ni da Fasuma.

Abin bai ɗauki lokacin da za a sha kofin ruwa ba. Muka zaunar da shi a bakin tafki inda ruwa ke iya idon sawu, yana tari, yana amayar da ruwa, Fasuma na bubbuga bayansa tana kuka. Da numfashinsa ya dawo, ya ja ƙafar wando sama. Igiyar ta bar masa jan shaida a cinya, fata ta ɗan saɓule. Ya daɗe yana kallon wurin.

Can ya ce, “Idi, nan ba iska, ba raƙuman ruwa, kana tsaye da wuƙa a kaina.”

Na ce, “Haka ne, Alhaji.”

Ya ce, “Can kuwa ba ka nan.” Ya shafa shaidar. “Da hannuna na so in ɗaura mata wannan. Har addu’a na sa aka yi.”

Ya nemi kwance guntun da ya rage a ƙugunsa, yatsunsa suka kasa, ƙullin ya sha ruwa ya ƙara kamawa. Fasuma ta durƙusa a cikin ruwan a gabansa ta kwance masa. Bai bari ta tashi ba. Ya ɗora jiƙaƙƙen hannunsa a kanta, ya ce, “Tahi, ɗiyata. Na yarda. Allah ya kai ki lahiya, ya maido mini ke lahiya.”

Ta ce amin, ni ma na ce amin, wuƙar tana hannuna har lokacin.